Majalisar Ƙofar Gida da Magadanta

Duk wanda ya yi nufin sanin abin da talakan ƙasar Hausa yake ƙudurce da shi game da masu mulkinsa, da tsadar hatsi, da juyawar zamani, ba zai same shi a jawabin 'yan siyasa ba, ba kuwa a rubuce-rubucen masu ilmin boko ba, sai dai ya nemi tabarmar da aka shimfiɗa a ƙofar wani gida bayan sallar la'asar, ko bencin da aka girka a gindin dalbejiya, ya yi sallama, ya zauna daga gefe, ya kasa kunne. Wannan zama shi ne majalisa. Ko da yake ba a taɓa rubuta mata doka ba, ba a kuma naɗa mata shugaba da rawani ba, fanni ne na magana mai ƙa'idoji da ladubba, kamar yadda waƙar baka da tatsuniya suke da nasu, ta kuwa cancanci a yi mata nazari irin wanda ake yi musu, musamman a wannan zamani da ta sami magada biyu waɗanda ba su yi kama da juna ba, wato zauren intanet da gidan gem.

Majalisu iri-iri ne. Akwai ta dattawa, wadda galibi take ƙofar gidan mai unguwa, ko liman, ko wani attajiri mai sakin fuska; akwai ta shagon tela da ta mai wankin hula, inda aikin hannu ba ya hana baki motsi; akwai ta tasha, da ta mahauta, da ta teburin mai shayi, wadda ta fi kowace kai wa tsakar dare da zafin gardama. Wanda ya daɗe yana zama cikinsu zai lura cewa kowace tana da mutanenta waɗanda suka rarraba aiki a tsakaninsu ba tare da an zauna an raba ba. Ba a rasa mai kawo labari, wanda yawanci direba ne ko ɗan kasuwa mai yawan tafiya. Ba a rasa mai musu, wanda ko an ce rana ta fito sai ya nemi hujja, wanda kuma majalisa take ƙorafi da shi alhali ba ta jin daɗi in bai zo ba. Akwai mai barkwanci da yake yayyafa wa magana ruwa in ta ɗau zafi, akwai kuma dattijon da bai cika magana ba, wanda gyaran muryarsa kaɗai ya isa ya mayar da mai ɗaga murya cikin hayyacinsa.

Mafi ƙarfi cikin ladubban majalisa shi ne sanin fuska. Mutanen cikinta sanannu ne ga junansu: an san uban kowa, an san sana'arsa, an kuma san abin da ya faɗa bara. Mutumin da za ka ƙaryata yau a kan maganar gwamna, shi ne zai sa kafaɗa a makarar mahaifinka gobe, shi za ka aika ya nema wa ɗanka aure, wataƙila kuma bashinsa yana wuyanka. Saboda haka ne mai magana a majalisa yake auna lafazinsa kafin ya sake shi, ba don tsoron hukuma ba, sai don kiyaye mutunci da muru'a, kuma daga wannan aunawa ne fasahar hirar ta samu. Wanda ba shi da ikon cewa abokin zamansa maƙaryaci ne sai ya nemi karin magana, ko habaici, ko labarin wani mutum na wani gari wanda kowa ya gane ko wane ne. In abin ya yi nauyi ƙwarai, sai a fake da wasan da ke tsakanin Bakano da Bazazzagi, ko Bafillace da Babarbare, ko taubasai, a faɗi gaskiya mai ɗaci cikin dariya, wanda aka faɗa wa ya ji ta sarai, amma ba a ba shi ƙofar fushi ba. Na ɗauki wannan a matsayin babbar hikima ta mutanenmu, domin al'ummar da take iya yi wa junanta nasiha ba tare da ta yanke zumunci ba ta warware mas'alar da ta gagari manyan dauloli.

Sa'an nan majalisa tana da lokacin tashi, wanda ba a hannun 'yan majalisar yake ba. Kome zafin mujadala, da ladan ya ɗaga murya sai a naɗe tabarma, a nemi buta, mutanen nan biyu da suke nuna wa juna yatsa su tsaya kafaɗa da kafaɗa a sahu guda. Ba safai gardama take dawowa daga masallaci da irin ƙarfin da ta tafi da shi ba.

Akwai kuma wani abu mai kama da isnadi. Sa'ad da mutum ya kawo labari mai nauyi, tambayar da take fara tarbarsa ita ce: a ina ka ji, wa ya gaya maka? In ya ce daga bakin direban da ya taso daga can jiya ne, sai a karɓa da wani gwargwado. In ya ce haka ake ta faɗa a gari, sai a ajiye labarin a gefe har a sami mai ƙarfafa shi. Tun da an san mai kawo labarin shekara da shekaru, an riga an yi masa irin abin da malaman hadisi suke kira jarhu da ta'adili, an san ko mai kiyayewa ne ko mai ƙari, kuma wanda aka kama da ƙarya sau biyu ya rasa kunnen majalisa ke nan, ko da ba a kore shi daga tabarma ba.

Malamanmu ba su taɓa sakin jiki da wannan zama baki ɗaya ba, kuma suna da hujja. Hadisin da Buhari da Muslim suka ruwaito daga Abu Sa'idil Hudri ya nuna cewa an fara yi wa sahabbai gargaɗi ne a kan zaman hanya, sai da suka bayyana cewa ba su da makawa daga gare shi aka yi musu rangwame bisa sharaɗin ba hanya haƙƙinta, wato kame ido, da kame cuta, da amsa sallama, da umurni da alheri da hani ga mummuna. Imamul Gazali kuwa, cikin Ihya'u, ya lissafa cututtukan harshe har ashirin, waɗanda ba wuya a tarar da rabinsu a zama guda na yamma ɗaya. Giba da annamimanci abincin majalisa ne tun fil azal. Matar da ta wuce ba ta tsira daga idonta da bakinta ba. Zaman kashe wando ya cinye ƙuruciyar mutane da yawa. Wani aibin da ya fi waɗannan ɓoyuwa shi ne cewa kunyar nan da na yaba ita ce take danne gaskiya a wani lokaci, domin yaro ba ya musa wa babba ko da babban ya ɓata, wanda kuma yake cin tuwon mai gida ba ya saɓa wa ra'ayin mai gida. Mata, rabin al'umma, ba su da wurin zama a kan tabarmar ko kaɗan; tasu hirar tana cikin gida, wurin biki da suna da kitso da zubin adashi, ba ta kuwa isa kunnen masu mulki.

Siyasar zamani ta shigo majalisa ne ta hanyar takarda. Sa'ad da aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya cikin 1939, Malam Abubakar Imam yana editanta, masu iya karatun boko kaɗan ne, saboda haka kwafi guda yakan wadaci unguwa: mai karatu ya karanta da ƙarfi, sauran su saurara, su tsayar da shi inda suke son ƙarin bayani, su yi ta tattauna wasiƙun da masu karatu suka aiko daga garuruwa masu nisa. A farkon shekarun 1940 Malam Sa'adu Zungur da Malam Aminu Kano da Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa suka zauna a ƙungiyar tattaunawa ta Bauci, wadda in an duba da kyau majalisa ce da aka yi wa magatakarda da ajanda. Da aka kafa jam'iyyar NEPU a Kano ranar 8 ga Agusta 1950, ƙarfinta bai kasance a ofisoshi ba, ya kasance a shagunan teloli, da rumfunan 'yan koli, da zaurukan malaman allo, inda mutanen da kotunan alƙalai na En'e suke ɗaurewa saboda kalma guda a kan sarki suka ƙware wajen faɗin abin da suke nufi ba tare da sun kama suna ba. Bayan 1979, da jam'iyyar PRP ta rabe gida biyu, 'yan santsi suna bayan Abubakar Rimi da Balarabe Musa, 'yan taɓo suna tare da Malam Aminu, ɓarakar ta ratsa majalisun Kano da Kaduna har ta raba wa da ƙane. Wadda ta fi ta tsanani ita ce gardamar Izala da ɗariƙu bayan kafuwar ƙungiyar Izala a Jos cikin 1978, domin ita ta taɓa abin da yake ɗinke kowace ɓaraka a da, wato sahun salla; inda masallaci ya rabu, majalisa ma takan rabu.

Rediyo kuwa ba a ɗauke shi baƙo ba, an ba shi wurin zama tsakiyar tabarma. Tun da BBC ta buɗe sashen Hausa cikin 1957, Rediyon Kaduna ya biyo baya cikin 1962, ga na Jamus, ga Muryar Amurka daga 1979, sai Bahaushen da bai taɓa shiga aji ba ya wayi gari yana iya yin sharhi a kan Falasɗinu da Kashmir da zaɓen Ingila, abin da yakan ba baƙi mamaki har yau. Amma a lura, rediyo yana magana rabin sa'a ne ko sa'a guda ya yi shiru, sa'an nan majalisa ta ɗauki abin da ya faɗa ta tace shi da ladubbanta. Canji na haƙiƙa ya zo ne da gidajen rediyo masu zaman kansu, irin Freedom Radio da ta fara aiki a Kano a ƙarshen 2003, inda shiri kamar Kowane Gauta ya ba talaka dama ya faɗi ra'ayinsa na siyasa da muryarsa, jiha guda tana saurare. Wannan alheri ne babba. Sai dai 'yan siyasa ba su yi jinkirin gane amfanin abin ba, suka ɗauki masu kaifin harshe haya, aka sami sabuwar sana'a ta sojojin baka, waɗanda suke yabo da suka gwargwadon abin da aka ba su. A majalisar ƙofar gida ma akwai ɗan koren mai gida, amma kowa ya san tuwon wa yake ci. A iska kuwa muryar mai gaskiya da ta ɗan haya iri ɗaya suke fita.

A Nijar abin ya ɗauki wata siffa da ta cancanci ambato. Bayan babban taron ƙasa na 1991, da sakin bakin 'yan jarida, da karyewar darajar sefa da rabi a Janairun 1994, samari marasa aikin yi a Damagaram da Maraɗi da Yamai suka kafa majalisunsu da suke kira fada, kowace da sunanta rubuce a jikin bango, da shugabanta, da ma'ajinta, da ƙaramar butar shayin da ake dafawa zubi uku a kan gawayi. Samarin da tabarmar dattawa ta hana wa magana sai suka shimfiɗa tasu, suka kuwa kwaikwayi ladubban iyayensu kusan duka, har da gudummawar biki da gadin unguwa da dare.

Wayar hannu ta shigo Nijeriya sosai cikin 2001, bayan shekara goma kuwa Facebook ya shiga aljihun samari, WhatsApp ya biyo shi. Ba na cikin masu ganin wannan a matsayin bala'i tsantsa, domin zalunci ne a manta da abin da ya kawo. Cikin Janairun 2012, sa'ad da gwamnati ta janye tallafin mai, lita ta tashi daga naira 65 zuwa 141, da waya ne samarin Kano suka kira juna zuwa dandalin Silver Jubilee, suka kwana a can, Musulmi da Kirista suna gadin juna lokacin ibada, har aka mayar da farashin 97. Saƙon murya na WhatsApp ya buɗe ƙofa ga wanda bai iya rubutu ba, ta yadda manomi a ƙauyen Zamfara zai iya ba da labarin harin da aka kawo musu da bakinsa, kafin wata jarida ta ji. Bahaushen zangon Kumasi, da na Sudan, da mai aiki a Jidda, sun dawo cikin hirar garuruwan kakanninsu. Mafi girma duka, mata sun sami wurin zama. Marubutan da iyayensu a sana'a, irin su Balaraba Ramat Yakubu da Bilkisu Funtuwa, suka sha suka kafin a karɓi littattafansu, yanzu suna rubutawa suna sayarwa kai tsaye ga dubban masu karatu a zaurukan WhatsApp; a 2019 kuma, ƙarƙashin taken ArewaMeToo, 'yan mata suka faɗi irin cin zarafin da majalisar maza ta yi shekaru tana rufewa da sunan rufin asiri. Wanda ya tuna cewa matan Arewa ba su jefa ƙuri'a a zaɓen tarayya ba sai 1979, da irin ɗaurin da Hajiya Gambo Sawaba ta sha a kan neman wannan haƙƙi, ba zai raina wannan ba.

Amma zauren intanet ya gaji maganar majalisa ne bai gaji ladubbanta ba, kuma wannan shi ne abin da ya fi damuna. Mai zagi a can ba ya ganin fuskar wanda yake zagi, sau da yawa ma ba da sunansa na yanka yake magana ba, don haka duk fasahar habaici da karin magana da kunya ta haifa ta zama ba ta da amfani, ashar tsirara ta maye gurbinta, yaro ɗan shekara ashirin yana kiran malami mai furfura da sunan da ba zai iya maimaitawa gaban mahaifiyarsa ba. Ba ladan da yake tayar da zaman. Gardamar da aka fara da hantsi tana nan da tsakar dare, gobe kuma wani ya tono ta ya sake hura ta. Isnadi ya yanke gaba ɗaya, domin saƙon da aka turo daga wanda aka turo wa ba shi da mai ruwaya da za a yi wa jarhu ko ta'adili, hoton wani rikici na wata ƙasa sai a ce na garin maƙwabta ne na jiya, alhali kuwa umurnin bincika labari kafin aiki da shi nassi ne sananne a Suratul Hujurati wanda kowane ɗalibi ya haddace. Sojojin baka kuma sun haifi 'yan data, waɗanda ake saya wa kati domin su yabi ubangida su ci mutuncin abokin hamayyarsa. Sa'an nan akwai wata ɓarna da ba a cika lura da ita ba: majalisar unguwa maƙwabtaka ce take haɗa ta, saboda haka dole ɗan wannan jam'iyya ya zauna da ɗan waccan, amma a intanet mutum yana zaɓen abokan zamansa, ya toshe wanda ya saɓa masa, har ya wayi gari bai san akwai mai hankalin da yake da ra'ayi dabam da nasa ba.

Maganin da hukuma take kawowa kuwa ya fi kama da na En'e. An rufe Twitter a Nijeriya daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022. An yi ta kama mutane da sashe na 24 na dokar laifuffukan intanet ta 2015. A Nuwamban 2022 wata kotu a Kano ta yanke wa samari biyu bulala ashirin-ashirin da sharar harabar kotu saboda wani bidiyon TikTok a kan gwamnan jihar. A Nijar, bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, an dakatar da gidan rediyon RFI, daga baya BBC ma ta sha nata. Abin lura a nan shi ne, sandar tana sauka ne a kan wanda ya taɓa mai mulki, ba safai take kare bazawarar da aka yi wa ƙazafi ko ɗan kasuwar da aka ɓata wa suna ba. Ladabi ba ya samuwa ta wannan hanya, tsoro ne kawai yake samuwa, tsoron kuwa da ma shi ne yake ƙara tura mutane ga sunayen ƙarya.

Magaji na biyu shi ne wanda dattawa suka fi rainawa, ni kuwa ina ganin ya fi ɗan'uwansa kama da mahaifiyarsu. Gidan gem ɗaki ne ko rumfar kwano a bakin layi, da talabijin biyu ko uku, da benci, da janareta a waje domin in an ɗauke wuta. Ya yaɗu ne tare da na'urar PlayStation 2 ta kamfanin Sony, wadda ta fito cikin 2000, kuma ko da yake akan buga wasannin faɗa irin Mortal Kombat, ƙwallon ƙafa ce sarauniyar ɗakin: Pro Evolution Soccer na kamfanin Konami na Japan, wanda aka sauya wa suna zuwa eFootball cikin 2021, da FIFA na kamfanin EA Sports na Amurka. Gidan gem da gidan kallon ƙwallo tagwaye ne, domin samarin da suka kamu da son Arsenal tun zuwan Nwankwo Kanu can cikin 1999, da magoya bayan Chelsea da Barcelona da Real Madrid, su ne suke zuwa nan su ɗauki ƙungiyar da suke so su buga da hannunsu. Ƙa'idar gidan gem sananniya ce ga kowane yaro: mutum biyu suke zama, wanda aka ci ya tashi, a wurare da yawa kuma shi ne zai biya, gwani ya ci gaba da zama har a sami mai tayar da shi, 'yan kallo kuwa, waɗanda kullum sun fi masu bugawa yawa, suna tsaye a baya suna sharhi da zuga da tsiya.

Wanda ya taɓa tsayawa a kan dattawa masu dara, da gurabunta talatin da 'ya'yanta goma sha biyu-biyu, ya ga yadda 'yan kallo suke kewaye su suna ba da shawarar da ba a nema ba, zai gane wannan ɗaki nan take. Hukuncin malamai ma ba sabo ba ne. Risala ta Ibnu Abi Zaidin Alƙairawani, wadda ake karantawa a zaurukanmu tun ƙarnoni, ta hana wasan nardu da shaɗaranji, ta kuma karhanta zama wurin masu yinsa, ko da yake ta yarda a yi musu sallama. Shafi'awa kuwa sun sassauta a kan shaɗaranji matuƙar ya kuɓuta daga caca, da alfasha, da shagala daga salla. Waɗannan illoli uku su ne dai ake tuhumar gidan gem da su, kuma tuhumar tana da tushe: akwai inda ake sa kuɗi a kan wasa, akwai yaron da yake karkatar da kuɗin cefane ko ya gudu daga Islamiyya, akwai ɗakin da magariba take wucewa ba a kashe talabijin ba. Uban da ya damu da wannan bai yi laifi ba.

Duk da haka, a wannan ɗaki ne yaron birni na yau yake koyon abin da zauren intanet ba zai taɓa koya masa ba, wato a ci shi a gaban shaidu, ya haɗiye, ya tashi ya ba wani wuri, gobe kuma ya dawo ya zauna kusa da wanda ya ci shi. Ba ya iya musa sakamako, domin mutum goma sun gani. Ba ya iya ɓoye sunansa. In ya wuce iyaka wajen zagi mai gidan gem zai fitar da shi, wanda ko da shekarunsa ba su kai talatin ba shi ne yake riƙe da matsayin dattijon majalisa a wurin. Ɗan mai kuɗi da ɗan mai gadi benci ɗaya suke jiran layi, kuma gwaninta ce kawai take ba da girma. Tsakanin wasa da wasa kuma hira ake yi, ta tsadar mai, da yajin aikin malaman jami'a, da wanda zai ci zaɓe, fuska da fuska, da barkwanci da habaici irin na iyayensu. Ƙasar da 'yan siyasarta suke wahalar amincewa da faɗuwa ba ta da dalilin raina wurin da ake horar da yara a kan haka kowace yamma.

Abin da yake barazana ga gidan gem yanzu shi ne wayar da take aljihun yaron. Wasanni irin Free Fire, wanda ya fito cikin 2017, da PUBG Mobile na 2018, inda ake zuba 'yan wasa hamsin ko ɗari a tsibiri guda su yi ta harbin juna har a bar mutum ɗaya ko ƙungiya ɗaya, ba sa bukatar benci ko janareta, data kawai suke ci, da kuɗin da ake sayen kayan ado na cikin wasa da shi. Suna da nasu alherin, domin ƙungiyar mutum huɗu da suke magana da murya suna kare juna takan haɗa yaron Gusau da na Inugu da na Alƙahira, su saba, abin da ba ƙaramin abu ba ne a ƙasa irin tamu. Amma wasan ba shi da lokacin rufe ƙofa, ba shi da mai gida, abokin da aka zaga ba za a haɗu da shi a layi gobe ba, a cikinsa kuma akwai baƙin da ba wanda ya san nufinsu.

Saboda haka duk lokacin da aka yi kukan lalacewar tarbiyya a unguwa, aka tashi da kiran a rufe gidan gem, nakan so masu kiran su fara tambayar inda yaran za su nufa. Ba tabarmar dattawa za su koma ba, domin ba a taɓa ba su izinin magana a kanta ba, dandalin da kakanninsu suka yi langa da kokawa a kai kuwa an yanka shi filaye an gine. Ɗaki za su shiga da waya, su ja ƙofa. Mai gidan gem mutum ne da mai unguwa zai iya kira ya ce masa ya hana caca, ya kori 'yan makaranta lokacin karatu, ya kashe janareta in an kira salla, kuma galibi zai yi, domin a unguwar yake neman abincinsa. Kamfanin da ya mallaki wasan waya kuwa yana Singafo ko Koriya ta Kudu, ba kuwa wani mai unguwa da kiransa zai isa can.